Android ko iPhone: abin dubawa kafin ka sauya waya

Yawancin masu son sauya waya kyamara da batir suke tambaya. Ni dai na fi son mutum ya fara da wannan: wa ke da iko da wayar, kuma wa ke leƙen abin da ke cikinta?

Ta fuskar sirri, iPhone tana da abin tinƙaho. Tun fitowar iOS 14.5 (tsarin da ke tafiyar da iPhone) a 2021, dole manhaja ta nemi izininka kafin ta bi sawunka zuwa wasu manhajoji don talla, kuma kana iya cewa a'a. Sai dai Apple ne ke riƙe da linzami. A Nijeriya manhaja sai ta App Store, kuma babu wurin sa memori.

Android ta sakar maka mara. Ka sa memori idan wayar tana da wurinsa, ka sa layi biyu, ka sauke manhaja daga inda ka ga dama. To, a nan haɗarin yake. Mun ga yadda manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin mutane a Nijeriya, suna tura wa dangi da abokai saƙon cin mutunci idan an makara biya. A 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna, amma dokar a Play Store take aiki. Wadda aboki ya tura maka ta Xender, ba ka da tabbacin an tantance ta. Wanda ya san ba zai riƙa karanta izinin da manhaja ke nema ba, gara ya tsaya a Play Store ko ya koma iPhone.

Kuma Android ba ɗaya ba ce. Pixel 8 ta Google da Galaxy S24 ta Samsung an yi musu alkawarin sabunta tsarin aiki da tsaro na shekara 7, alhali wayoyi masu araha ba sa samun kusa da haka. Wayar da aka daina toshe mata ɓarakar tsaro ba ta da sirri, komai sunanta.

Idan iPhone ta hannu za ka saya, a kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano ko wani wuri, kada ka miƙa kuɗi sai an cire iCloud (asusun Apple) na mai ita a gabanka, in ba haka ba wayar na iya kulle maka. Ka kuma duba wurin layi: daga iPhone 14, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka eSIM kaɗai suke ɗauka, wato layin da ba na kati ba, babu wurin sa katin SIM.

Sai WhatsApp, inda cinikin mutane da yawa yake. Ajiyarsa ta Google Drive ba ta buɗuwa a iPhone. Da manhajar Move to iOS ake kwashe hirarrakin, kuma sai iPhone ɗin tana sabuwa ko an goge ta tas. Don haka ka riƙe tsohuwar wayarka har sai ka ga saƙonninka sun sauka kuma manhajar bankinka ta buɗe a sabuwar.