Tura tasha a rauta ko kafa wakilin gaba: wanne zai kai baƙo ga sabar da yake nema?

Ɗan'uwa, tunda layukan intanet biyu ne suke shigo maka, kowanne da ƙofarsa da adireshinsa, kuma shafukanka suna kan sabobi daban-daban, wato kwamfutocin da ke ɗauke da su, zaɓi biyu ne a gabanka: ko ka tura tasha, wato ka sa kowace rauta (na'urar da layin intanet ke shigowa ta cikinta) ta miƙa duk buƙatar da ta zo da wata lambar tasha kai tsaye zuwa sabar, ko kuma ka kafa wakilin gaba, wato manhaja irin HAProxy ko Nginx, wadda za ta karɓi kowace buƙata ta miƙa ta inda ta dace. Na biyun nake amfani da shi, kuma shi nake ba ka shawara.

Tura tasha yana aiki, ba zan hana shi haƙƙinsa ba, amma iyakarsa sabar guda ga kowace tasha a kowane adireshi, domin rauta ba ta duba sunan shafi, adireshi da lambar tasha kawai ta sani, kuma tasha ta 443, wadda shafukan https suke bi, ba za ta nufi na'urori biyu a lokaci ɗaya ba. Ina da wata rauta mai layi biyu da aka saye ta domin wannan aiki, yanzu raba wa ma'aikata intanet kaɗai take yi.

Shi kuwa wakilin gaba sunan shafin yake karantawa. Tun fitowar HTTP/1.1 a 1997 ya zama dole burauza ta faɗi sunan shafin da take nema, sannan a haɗin da aka rufe da ɓoyayyen rubutu akwai SNI, wanda ke bayyana sunan tun a gaisuwar farko, saboda haka shafuka goma za su iya shiga ta adireshi ɗaya, kowanne ya tafi sabarsa. Nawa HAProxy yana kan wata tsohuwar kwamfuta mai Linux da aka daina amfani da ita a ofis. Wata safiya na buɗe shafinsa na ƙididdiga, sai na ga layin ɗaya daga cikin sabobin ya koma ja, alhali babu wanda ya kira ni cikin dare. Ashe faifanta ne ya cika, shi kuma HAProxy da yake yana leƙa kowace saba duk bayan daƙiƙa 2, da ta kasa amsawa sau 3 a jere sai ya cire ta daga layi, ya mayar da baƙi kan ta biyun.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne hanyar komawa. Buƙata ta shigo ta ƙofa ta biyu, amma na'urar da ta karɓa ƙofar fita ɗaya ta sani, don haka amsar sai ta bi ta farko, ko dai a jefar da ita a hanya, ko ta isa da adireshin da burauzar ba ta yi magana da shi ba. Alamarsa ita ce shafi ya buɗe lafiya ta layi ɗaya, ta ɗayan kuwa ya yi ta juyawa har ya gaji. Idan tura tasha ka zaɓa, dole ka bi sabobin ɗaya bayan ɗaya kana gyara wannan. Da wakili kuwa wuri guda ne: ka ba shi adireshi biyu na cikin gida, kowace rauta ta riƙa turo masa ta nata, sannan da umarnin ip rule ka ware wa kowane adireshi teburin hanyarsa, ta yadda amsa za ta fita ta ƙofar da tambaya ta shigo. Kada ka manta da kunna X-Forwarded-For, saitin da ke sa wakili ya miƙa wa saba adireshin baƙo na ainihi, in ba haka ba sabobinka za su rubuta kowane baƙo da adireshin wakilin.

A DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi, ka sa adireshin ƙofofin biyu da gajeren wa'adin riƙe bayani, sai dai ka sani DNS na yau da kullum bai san layin da ya mutu ba. Ka kuma duba adireshin da kamfanin intanet ya ba rautarka: idan yana tsakanin 100.64 da 100.127, to a bayan adireshin haɗaka kake, kuma babu mai iya shigowa daga waje sai ka nemi na kanka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da rauta mai layi biyu da ke rantsuwa cewa za ta haɗa gudun layukan ta kuma raba baƙi da kanta. Yawancinsu fitar da zirga-zirga kawai suke rabawa. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwar ya nuna maka a saitin inda ake mayar da amsa ta layin da ta shigo. Idan ya fara kame-kame, ka bar masa kayansa. Ka riƙe rautocin da kake da su, ka ɗora HAProxy a bayansu, kyauta ne.