Labarin katako da wutar daji daga Kanada

Salamu alaikum Yaya, ina gida ina kasuwa. Maganar katakon da ka ce in duba maka ko za a riƙa aikowa Maradi, gaskiya ka aje ta, kuɗɗin kontena har Lome sannan kamyo har gida su za su cinye ribar, kuma katakon nan jihar Biritish Kolombiya ta Kanada da yawan shi na iccen pain ne, marar nauyi, mai taushi, ƙusa na shiga ba wahala, da irin shi suke gina galibin gidajensu, amma jan katakon da ake kawo muna daga Najeriya ya hi shi ƙwari nesa, wanga in gara ta same shi sai dai haƙuri.

Wani ma za ka gan shi da shuɗi-shuɗi a jiki, aikin wani ƙwaro ne da bai wuce ƙwayar shinkahwa ba. Shina huda ɓawon icce ya yi ƙwai ciki, ya shigo da wata hunhuna mai toshe hanyar ruwa, tsutsotsin kuma su cinye ƙarƙashin ɓawon, icce ya mutu a tsaye. A da sanyin da ke kai digiri 40 ƙasa da sihiri shi ke kashe su, da hunturu ya rage tsanani sai sunka yi yawa, daga wajen 1999 sun taɓa daji sama da hekta miliyan 18 a jihar ga kaɗai. In ka bi hanyar garin Prince George za ka ga busassun itatuwa tsaye har iyakar ganinka.

Mutane na cewa duk inda ƙwaron ya bi sai wuta ta biyo, amma masu binciken daji sun ce abin da sauran bayani. Shekarun hwarko bayan icce ya mutu ganyen shi na komawa ja, busasshe ƙayau, lokacin ne wuta ke saurin hawa bisa tana tsallakawa daga kan wannan zuwa wancan, 'yan pompiye ba su iya tsayawa gabanta. In ganyen ya zube icce ya koma ruwan toka tsirara, wutar sama ba ta samun abin kamawa sosai, sai haɗarin ya ɗan sauka. Daga baya kuma in sunka hwara hwaɗuwa suna jibgewa ƙasa, wuta in ta shiga sai ta daɗe tana ci, ta ƙone har ƙasar, ga gungume na iya hwaɗo ma mai kashe ta. Amma babban mai laihi fari ne da zahi da iska, ranar da sunka haɗu ɗanye da busasshe duk ɗaya ne. Garin Lytton na jihar ga ya yi zahi digiri 49.6 a Yunin 2021, washegari ya ƙone, mu da muke kukan watan Afrilu.

Abin da ke ba ni takaici, busasshen iccen da mata ke saye tsada a Maradi, wanda in ka sara a Baban Rafi ba takarda ma'aikatan gandun daji su kama ka, nan takardar ɗibar na ƙonawa kyauta ake ba da ita kuma ba su iya ƙare shi, tunda girki da kuran ne ko gas. Wani ana niƙe shi a dunƙule a kai Japan da Ingila don tada kuran.

Wajen aiki kam sun hi mu, ba gardama. Wuta na matsowa gari saƙo ke shigowa tarho da ƙara ko cikin dare ne, a ce ku hita, ga jirage da alikofta na zuba ruwa, a 2023 har daga Afirka ta Kudu da Meziko anka kawo masu kashe wuta. Mu can sai hanyar tare wuta da ake sharewa da hannu a wajen kiwo, da rassan icce. Sai dai lanhon da ake cirewa a albashi ba wasa ba ne, ga asirans na gida, ga injin tace iska da dole ka saya saboda hayaƙin bazara mai sa yara tari, kuma duk da kayan aikin nan garin Jasper a 2024 kusan kashi ɗaya cikin uku na ginin shi ya tahi.

A gaida Hajiya da yara.