Manhajar gane tsirrai ta hoto: ta san suna, ba ta san fadamar Rima ba

Manhajar nan ta waya da ake ɗaukar hoton tsiro ta faɗi sunansa, mun gwada ta a fadamar Kwalkwalawa da gefen tafkin Kware, daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu. Abin da muke nema guda ne: ko za ta iya raba tsiron gida da baƙon da ke cinye wuri? Wajen suna ta yi ƙoƙari ƙwarai. Wajen hukunci kuwa, kada a sakar mata ragama.

Rabin kuskurenta daga hannun mai ɗaukar hoto yake fitowa. Ganye kaɗai ba ya isa. A ɗauki hoto huɗu na tsiro ɗaya: ganye, fure, 'ya'ya, sai kara ko ɓawo. A sa farar takarda a bayan ganyen don kada ciyawar gefe ta shiga, a ajiye wani abu da aka san girmansa kusa da shi, ko da murfin biro ne. Ranar Sakkwato ta tsakar rana tana wanke launin fure ya koma fari fat, don haka a yi aikin kafin ƙarfe 10 na safe ko bayan la'asar. Da hunturu sai an goge ƙura daga ganye da ɗanyen tsumma, in ba haka ba gashin ganye da jijiyoyinsa ba sa fitowa. A kuma zaɓi jerin tsirran Afirka ta Yamma a cikin saitin, don in aka bar ta a jerin duniya sai ta riƙa kawo dangin tsiron na Amurka ko Indiya. Duk amsar da makin tabbacin da manhajar ta ba ta bai kai kashi 50 cikin 100 ba, a ɗauke ta a matsayin zato. Tana buƙatar intanet, a cikin fadama kuwa sabis yakan ɗauke, gara a tara hotuna a tura in an hau tudu.

A tsirran ruwa ta fi burge mu. Bado ba ya ba ta wahala: ganye shimfiɗe a kan ruwa mai haƙora a gefe, saiwa a cikin laka. Kainuwa ma haka, da ganyenta mai laushin gashi da ya taru kamar latas. Wanda ya kamata kowane masunci ya riƙe kamanninsa shi ne baƙon da wasu ke haɗa shi da kainuwa, Eichhornia crassipes, ɗan asalin Kudancin Amurka. Ta gaɓar teku ya shigo Najeriya, ta Badagry, a 1984, daga baya ya bayyana a kogin Neja da tafkin Kainji. Alamarsa ba ta ɓuya: ƙafar ganyen a kumbure take kamar ƙaramin gora, in an matsa sai a ji soso, furen shuɗi-shuɗi ne mai ɗigon rawaya a fatar sama. Inda ruwa ya kwanta yana iya ninka kansa cikin mako biyu. Wanda ya tsamo shi ya shanya shi nesa da ruwa ya bushe ƙurmus, don guntun da ya koma ruwa sabon tsiro ne.

Matsalar ta fito a kan kachala. Manhajar ta gane ta daga kanta mai kama da zangarniyar gero, da ɗan gibin da ke tsakanin ɓangaren sama da na ƙasa, ta kuma nuna cewa 'yar Afirka ce. Gaskiya ne, amma wanda ya karanta haka zai ɗauka babu damuwa. Kachala 'yar gida ce da ta zama annoba tun da madatsun ruwa irin Bakolori da Goronyo suka sa ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da yawa. Tana toshe magudanar noman rani, tana ba tsuntsayen jan-baki mafaka kusa da shinkafa. Ƙona ta ba ya kashe saiwar da ke ƙarƙashin laka. Abin da ke aiki shi ne a yanke ta ƙasa da saman ruwa, ruwa ya shiga karan ya hana saiwar iska, a maimaita in ta sake tohowa. Babu ko ɗaya daga wannan a cikin wayar.

A kan tudu kuma manhajar ta sha rikita itatuwa masu ƙananan ganye, don hoton ganyen bagaruwa da na baƙuwar Prosopis juliflora kusan ɗaya ne a idonta. 'Ya'ya ke raba gardama. Na bagaruwa masu toka-toka ne, a tsuke tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi, furenta dunƙule ne mai rawaya. Na baƙuwar dogaye ne masu launin kara, furenta kamar ƙaramar jela. Dabbobi suna cin 'ya'yan baƙuwar su yaɗa irin a kashinsu, shi ya sa take bin burtali da bakin mashaya. Kirya kuwa ba ta da ƙaya, 'ya'yanta baƙaƙe-baƙaƙe ne masu tauri.

Sunayen Hausa manhajar ba ta da su sai ɗaiɗai, abin da ya fi ba mu haushi ke nan. Mun koma riƙe littafi, muna rubuta sunan kimiyya a gefe ɗaya, wanda masunta da makiyaya suka faɗa a ɗaya gefen. Tsiron da aka kasa daidaitawa a kansa, a yanko reshe mai fure ko 'ya'ya, a danne shi tsakanin tsofaffin jaridu ƙarƙashin abu mai nauyi, ana sauya jaridar kullum har ya bushe, a rubuta wuri da kwanan wata, sannan a kai wa masana tsirrai na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Ga ɗalibi da malamin gona ta cancanci wuri a waya. Manomin da zai yanke shawarar sare itace ko fesa magani, ya tabbatar da 'ya'ya da fure da idonsa tukuna.