Kaset ɗin Baba da taskar mutanen Abadin

Maƙwabcina a nan Abadin, arewa maso gabashin Sikotlan, dattijo ne da ya haura saba'in. Asabar ɗin da ta wuce ya ƙwanƙwasa mini ƙofa rungume da kwamfuta, ya ce in zo in ga mahaifinsa. Na san mahaifin ya daɗe da rasuwa, sai na ɗauka hoto ne. Ashe bidiyo ne: kasuwar kifi ta bakin teku da sassafe, akwatuna jere cike da ƙanƙara, ga wani ƙaƙƙarfan mutum da hular ulu yana jan akwati da ƙugiya. Bai yi minti guda a allon ba. Dattijon ya maido wurin har sau uku, yatsansa na rawa a kan fuskar uban.

Gidan talabijin na garin ne ya ɗauka, Grampian, wanda ya soma aiki ranar 30 ga Satumba 1961 a wani tsohon garejin taragon cikin gari. Aikinsa shi ne nuna wa mutanen arewacin ƙasar kansu: masunta, manoma, makiyayan tsibirai, har da shirye-shirye a harshensu na gargajiya, Gelik. Shirin labaransa na yamma, North Tonight, ya fara a 1980, kuma da shi mutanen nan suka kwana suka tashi lokacin da rijiyar man Piper Alpha da ke cikin teku ta kama da wuta ranar 6 ga Yuli 1988, mutum 167 suka mutu. A 2006 aka shafe sunan Grampian, aka mayar da shi STV. Tsofaffi har yau suna jin haushin wannan. Amma sunan kawai ya tafi. Tsofaffin finafinan suna ajiye, wasu a taskar ɗakin karatu na ƙasa da ke Gilasgo, kuma nan jikar dattijon ta tono masa uban.

Da muka gama kallo ya juyo ya ce, to, saura ni in nuna masa garinmu Sakkwato a wancan zamanin.

Wallahi bakina ya mutu. Na laluba waya, na samo hoton ƙofar fadar Sarkin Musulmi da na Hubbare, duk na bana ko bara. Ya yaba, amma ni na san ba abin da ya roƙa ke nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai, mu ma muna da namu. Talabijin ta zo Sakkwato tun 1975, zamanin Jihar Arewa maso Yamma, kafin a haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977. Shekara goma sha huɗu kacal tsakaninmu da Grampian. Kyamarorinmu sun riski Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara hamsin a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988. Sun riski Waziri Junaidu yana ba da tarihi da bakinsa. Sun ga hawan sallah, da su na Argungu, da makaɗan fada da kotso a hammata. Baba ma, Allah ya jiƙansa, ya taɓa fitowa yana jan baƙi a tafsirin azumi. Ina yaro, na tuna yadda aka fito da akwatin tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suka cika zaure, Inna tana leƙe daga bakin ɗaki. Kawu ya naɗe shirin a kaset ɗin bidiyo.

Daren nan na buga wa Kawu waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ai wanga kaset yara sunka ɗora mai ƙwallo tun tuni." Muryar Baba ke nan, an bi ta da wasan ƙwallo. Da na zo gida shekarun baya na taɓa shiga wani gidan talabijin neman irin wannan, aka buɗe mini sito. Kaset a zube cikin kwali, ƙurar hunturu ta rufe su, babu rubutu a jikin yawancinsu, injin da zai karanta su kuma ya daɗe da mutuwa. Ma'aikacin da ya raka ni shi kansa abin na damunsa.

Mu fa jikokin mutanen da suka adana rubutun Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u ne, a cikin gafaka, shekara ɗari biyu, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba lantarki. Yaya aka yi takarda ta tsira a hannunmu, kaset ya gagara? Kuɗin da muke zubarwa a bidiyon biki ɗaya ya isa a juye kaset masu yawa zuwa kwamfuta.

Kada a ɗauka komai na nan daɗi ne. Kallon talabijin sai da lasisi, wanda kuɗinsa ya kai fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025. Labaran yamma rabinsu gyaran hanya ne da hasashen ruwan sama, kuma kowa shi kaɗai yake kallo a ɗakinsa, ƙofa a kulle. Nakan yi kewar zauren nan namu, inda ake kallo ana gardama, wani na gyara wa mai karanta labarai sunan ƙauye. Sai dai ko gyaran hanyar nan, suna ajiye shi da kwanan wata.

Yaya, na san kana karantawa. Akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadon Inna akwai sauran kaset a ciki, na gan su da idona. Don Allah kada ka bari kowa ya sa su a inji. Ka kakkaɓe su, ka naɗe a ƙyalle mai tsabta, ka ajiye inda rana ba ta bugu. In sha Allahu ina tafe bayan sallah, zan zo da na'urar juyewa. Dattijon nan ya ce yana jira ya ga Baba.