Haɗin bekin soda ko alimun: wanne ya fi dacewa da hammata?

'Yar'uwa, kin ce kina so ki daina sayen rol-on ki koma haɗa naki a gida, kuma an ba ki shawara biyu: haɗin bekin soda da man kwakwa, ko kuma dutsen alimun. Kin ƙara da cewa ke mai yawan gumi ce, fatar hammatarki kuma abu kaɗan ke sa ta yi baƙi. A irin fatarki, ni dai alimun zan ce ki fara da shi, ki ajiye bekin soda sai in alimun ya gaza. Amma akwai abin da dukansu biyu ba za su yi miki ba, gara ki san shi tun yanzu.

Gumi shi kansa ba ya wari. Hanyoyin fitar gumi a jiki iri biyu ne. Akwai masu fitar da gumi mai ruwa-ruwa da ɗan gishiri, suna ko'ina a fata, aikinsu sanyaya jiki. Akwai kuma waɗanda suka taru a hammata da matsematsi, ba sa fara aiki sai mutum ya balaga, kuma abin da suke fitarwa ya fi kauri, yana ɗauke da maiƙo da furotin. Wannan shi ne abincin bakteriyar da ke zaune a fatar wurin, irin su Corynebacterium da Staphylococcus hominis. In suka ci suka narkar da shi, abin da suka bari shi ne tsamin da muke ji. Shi ya sa ƙaramin yaro zai yini yana guje-guje ya jiƙe sharkaf, amma ba za ki ji masa warin hammata irin na babba ba.

To, maganin wari hanyarsa biyu ce: ko a rage bakteriyar da warin da suke samarwa, ko a toshe hanyar gumin. Yawancin rol-on ɗin kanti da ke hana jiƙewa suna ɗauke da wani gishirin alminiyom da ke shiga bakin ƙofofin gumi ya daskare, ya toshe su na ɗan lokaci. Bekin soda ba ya wannan aikin sam. Alimun yana ɗan tsuke fata, amma bai kai ya toshe gumi kamar na kanti ba. Don haka ko wanne kika ɗauka, rigarki za ta jiƙe a ranar zafi. Abin da za ki samu shi ne gumi marar wari, ba hammata busasshiya ba. Wanda ya ce miki haɗin gida zai tsayar da gumi, bai faɗa miki gaskiya ba.

Ta fuskar kashe wari, bekin soda ya fi ƙarfi, wannan ba na musu. Yawancin abin da ke tashi a hammata tsami ne, shi kuma bekin soda yana kashe kaifin tsami kai tsaye. Kina iya shafa shi ko da warin ya fara, ki ji ya lafa. Alimun ba haka yake ba. Shi rigakafi ne: yana barin ɗan siririn gishiri a kan fata da ke hana bakteriya yaɗuwa, saboda haka dole a shafa shi a fata mai tsabta, daga fitowa wanka. In kika goga shi a hammatar da ta riga ta yi tsami, kin yi aikin banza, har ma dutsen ya kwashi warin.

Inda lissafin ke juyawa shi ne fata, kuma a nan nake so ki tsaya. Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, abin da ke ƙasa da 7 shi ne mai tsami. Lafiyayyar fatar mutum tana da ɗan tsami, kusan 5, ta hammata ta ɗan ɗara haka. Bekin soda kuwa ya haura 8. Wannan ɗan tsamin na fata shi ke riƙe mata da garkuwarta, in ana shafa mata abin da ke rusa shi kullum, a wuri mai ɗumi da danshi da gogayya, sai ta fara kokawa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba ranar farko yake nunawa ba. Sati ɗaya ko biyu komai lafiya, har mutum ya fara yi wa haɗin talla. Daga nan sai ƙaiƙayi, sai zafi-zafi in gumi ya taɓa wurin, sai ki ɗaga hannu a madubi ki ga fatar ta yi sheƙi ta tattare a daidai lanƙwasar hammata, tana ɓarewa kaɗan-kaɗan. A fata mai duhu, in irin wannan kumburi ya warke, tabo baƙi yake bari, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya washe. Ke da kika ce hammatarki na saurin baƙi, wannan caca ce da bai kamata ki fara da ita ba. Ba kowa yake samun wannan matsalar ba, akwai masu shekaru suna amfani da shi lafiya lau, amma masu samunta ba kaɗan ba ne.

Za kuma ki ji ana cewa ƙurajen alama ce ta jiki yana fitar da guba, a daure a ci gaba. Kada ki yarda. Hanta da ƙoda ne ke tace jini, ba hammata ba. Fatar da ke zafi tana neman a ɗaga mata ƙafa ne.

Alimun yana ɓangaren tsami, ya fi kusa da yanayin fata, shi ya sa ya fi sauƙi ga yawancin mutane. Shi ma yana da nasa: yana busar da fata, kuma in kin aske gashi yanzu-yanzu zai yi miki raɗaɗi, don shi ne ake gogawa a inda reza ta yanka domin tsayar da jini. Ki ba fatar kwana ɗaya bayan aski, ko wanne kike amfani da shi.

Sai maganar da masu tallarsa ba su cika faɗa ba. In dalilinki na barin rol-on shi ne gudun alminiyom, to alimun ma gishirin alminiyom ne, haɗe da fotashiyam da salfet. Kasancewarsa dutse mai kama da ƙanƙara bai canza wannan ba. Tsoron da ake yaɗawa na cewa alminiyom ɗin rol-on na jawo kansar nono, Cibiyar Binciken Kansa ta Ƙasa a Amurka ta ce ba a samu hujjar kimiyya da ta tabbatar da shi ba. Masu ciwon ƙoda mai tsanani ne aka ce su tambayi likita tukuna. Amma in duk da haka hankalinki bai kwanta da alminiyom ba, alimun ya fita daga lissafinki, sai haɗin bekin soda da mai.

Wajen haɗawa, alimun ba ya bukatar komai. Ki jiƙa dutsen, ki goga shi sau da yawa a kowace hammata har wurin ya jiƙe sosai, ki bari ya bushe kafin ki sa riga. Ki ɗauraye dutsen ki ajiye shi a busasshen wuri, in ya zauna cikin ruwa narkewa yake yi, ya fashe, gefensa ya yi kaifi. In gari kika samu, ƙaramin cokali ɗaya a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa ya isa, ya huce ki zuba a kwalbar fesawa. Ki riƙa yin kaɗan-kaɗan, duk haɗin da ruwa ya shiga ba ya daɗewa.

Haɗin bekin soda ya fi wahalar yi. Wanda ya fi yawo a intanet yana sa bekin soda da sitaci daidai wa daida, kuma a ganina wannan yawan shi ke ƙona mutane. In za ki gwada, ki rage shi sosai: babban cokali 3 na man kaɗanya, 2 na man kwakwa, 1 na kakin zuma, 3 na sitacin masara, sai ƙaramin cokali 1 kacal na bekin soda. Ki ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi, ki narkar da kakin da mayukan, ki sauke, ki zuba garin kina juyawa har ya fara kauri. In kika daina juyawa da wuri, garin zai kwanta a ƙasan kwalba, man ya taso sama, ranar da kika kai ƙasa kuwa zallar soda za ki shafa. Kakin zuman ba ado ba ne. Man kwakwa yana narkewa a kusan digiri 24 na Salshiyas, kakin zuma kuwa sai ya haura 60, shi ke riƙe haɗin kada ya zama ruwa a ɗaki mai ɗumi. Kwatankwacin ƙwayar wake ya ishi hammata ɗaya. Fiye da haka, man zai bar shaida a riga, abin da alimun ba ya yi.

Ƙamshi kuwa, alimun ba shi da ko kaɗan. A haɗin mai kina iya ɗiga man lafanda, amma kada ya wuce ɗigo 6 a kowane mililita 30, don waɗannan tatattun mayukan su ma suna cikin masu tayar da ƙuraje. Ruwan lemon tsami, wanda na san wani zai kawo miki shawararsa, ki bar shi. Tsaminsa kusan 2 ne a ma'aunin, ya yi wa hammata kaifi.

Ko wanne kika zaɓa, ki fara shafa ɗan kaɗan a cikin damtsenki ki jira kwana biyu. In ya wuce wannan gwajin, sannan hammata, kuma ki ba shi kamar sati biyu kafin ki yanke hukunci, domin bayan barin rol-on mai toshe gumi, gumin yana dawowa da ƙarfinsa kuma bakteriyar wurin suna sauyawa. Rage gashin hammata da sa riga ta auduga suna taimaka wa kowannensu.

Abu biyu a tambayarki kuma sun fi ƙarfin haɗin gida. In gumin naki yana zuba ne ko kina zaune a sanyi, har yana ɗiga ya jiƙa riga ba gaira ba dalili, wannan lalura ce da likitocin fata ke da maganinta. In kuma baƙin hammatar ya zo da kauri da laushi kamar karan-miski, musamman in akwai irinsa a bayan wuya, ba laifin rol-on ba ne. Sau da yawa yana tafiya da matsalar insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ki je a auna miki sukari.