Wasiƙa daga Teksas: kifin da ake kamawa a mayar ruwa

Baffa, ina gaisuwa da fatan alheri. A gaida Inna da yara da duk abokan sana'arka na bakin Tiga.

Ka ce in ba ka labarin masuntan ƙasar nan ta Amurka. To, tun bara nake bin wani abokin aikina zuwa tafkin Fork, wata madatsar ruwa a gabas da Dalas, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. A 1980 aka tare ruwan, ka ga Tiga ta girme shi. Ba su share dajin duka ba kafin ruwa ya hau, har yau kututture na nan tsaye birjik, kuma a gindinsu kifi yake fakewa.

Kifin da suke bi sunansa bas. Ya yi kama da ƙaramin giwan ruwa, ga baki wangame, ga farauta. Mafi girman da aka taɓa kamawa a jihar Teksas daga nan ya fito a 1992, fam 18.18, wato kilo takwas da ɗoriya. A wurinku ba wani abin a zo a gani ba ne, amma su har yau suna zancensa.

Lokaci suke bi, kamar yadda kuke yi. A Maris da Afrilu, idan ruwa ya fara ɗumi, bas yakan hauro gefe inda zurfin bai wuce ƙugu ba. Namiji ya share gurbi da wutsiya, mace ta zuba ƙwai, shi ya tsaya gadi. Na ga gurbin da idona, fari a ƙasan ruwa, faɗinsa kamar faifai, sak irin na karfasa. Abokina ya jefa tanar roba a tsakiya ya ƙyale ta. Kifin ya zagaya, ya sake zagayawa, sannan ya ɗauke ta, ba don yunwa ba, so yake ya fitar da baƙuwa daga gidansa. A Yuli da Agusta kuwa zafi kamar bazarar Kano, sai ya nutsa can ƙasa, gaba uku ko huɗu, dole a yi sammako ko a bari sai dare. Da kaka yana bin ƙananan kifaye zuwa bakin rafuka, inda ka ga tsuntsaye na shawagi nan za ka nufa. Da sanyi kuma sai haƙuri, a ja fatsa a hankali.

Kayan aiki kam, Baffa, sun yi mana nisa. Na shiga kantin kayan kamun kifi na Bass Pro Shops a garin Grapevine kusa da Dalas, layi guda tanar roba ce zalla kala-kala, ga kwaɗin roba, ga 'yan kifayen roba masu ƙararrawa a ciki. Jirginsu mai inji kuɗinsa ya kai na sabuwar mota, da na'ura mai nuna maka ƙasan ruwa a allo. Duk da haka abin da allon ke faɗa masu, kai da ido da launin ruwa kake gane shi.

Inda muka fi su shi ne ci. Nan haramun ne ka sayar da bas ɗin da ka kama, kuma ba a kama shi da koma ko birgi, sai fatsa. Ba mai jiranka a gaɓa da kwando, ba banda, ba mai suya. Karfasar kanti daskararriya ce, ba ta kama ƙafar wadda Inna ke soyawa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai dokarsu ce. Kusan kowa sai ya yanki lasisi, kusan dala 30 a shekara ga mazaunin jihar, a waya ma ana saye, kuma kuɗin yana komawa kula da ruwa. A Fork duk bas da ya faɗa tsakanin inci 16 da 24 dole a mayar da shi. Wanda ya kai fam 13 a farkon shekara, hukumar kula da kifi ta jihar kan karɓe shi aro ta kai gidan ƙyanƙyasa a garin Athens, ya yi ƙwai, a raba 'ya'yan a tafkuna. Na tuna yadda Sarkin Ruwa ke tsare Matan Fada a Argungu sai ranar biki.

Na farko da na kama inci 19 ne. Na riƙe shi ta leɓe, na cire ƙugiya, na sa shi a ruwa, ya kaɗa wutsiya ya tafi. Hannuna bai so ba, don ɗan masunci ne ni. A hanyar gida kuma ba abin da nake tunawa sai tarun nan mai ƙananan ido da wasu ke ja a wajenmu lokacin ƙwai, da yadda ranka ke ɓaci idan ka gani.

Na haɗa maka ƙugiyoyi da zare mai ƙarfi da tanar roba leda biyu, mai tahowa Kano zai kawo. Ka gwada ta wajen duwatsu da asuba, ka gaya mini ko giwan ruwa zai kula ta.