Farautar asuba ko ta yamma a bazarar Tawa?

A watan Afrilu zafin yankin Tawa na ƙasar Nijar yakan haura digiri 40, dabba ba ta motsi da tsakar rana. Shi ya sa na fi son asuba. Zabbin daji na saukowa daga bishiya su yi kiwo, fakara na kuka, sawun zomo na nan sabo a kan yashi kafin iska ta share shi. Karnuka ma ba su gaji ba, hancinsu na aiki.

Yamma kuwa, jira ce a bakin ragowar tabki, inda ƙishirwa ke jawo su. Ana samu, amma duhu na saurin rufewa, abin da ka harba ya ɓace maka cikin sabara. Wannan asarar tana ci mini rai.